Ladan Ƙwazo a Asibitocin Ƙananan Hukumomi: Gwajin Fufore da Wamba da Abin da Ya Biyo Baya

A watan Disamba na 2011 aka fara wani gwaji a ƙananan hukumomi uku na Najeriya: Fufore a jihar Adamawa, Wamba a jihar Nasarawa, da Ondo ta Gabas a jihar Ondo. An shaida wa ma'aikatan asibitocin sha-ka-tafi na waɗannan wurare cewa daga yanzu za a riƙa ƙirga aikinsu. Mace ta zo awon ciki, akwai farashinsa. Yaro ya kammala allurar rigakafi, akwai nasa. An karɓi haihuwa a asibiti, shi ma an yanka masa kuɗi. Duk bayan wata uku za a haɗa lissafi a tura kuɗin cikin asusun asibitin na banki, ma'aikata su raba wani kaso a matsayin ladan ƙwazo, sauran kuma a yi wa asibiti hidima da shi.

Wannan ɗan gwaji shi ya girma ya zama shirin da aka sani da NSHIP, wato shirin zuba jari a harkar lafiya ta jihohin Najeriya. Bankin Duniya ya amince da shi a 2012, da bashin dala miliyan 150 da kuma tallafin dala miliyan 20. Hukumar kula da lafiya a matakin farko ta ƙasa ce ta jagorance shi daga Abuja, takwarorinta na jihohi suka aiwatar. Daga baya ya game dukkan ƙananan hukumomi 52 na jihohin uku: 21 a Adamawa, 13 a Nasarawa, 18 a Ondo.

Abin da ya sa na zaɓi wannan lamari shi ne, ba kasafai ake auna irin wannan magana a ƙasarmu ba. Kowa yana da ra'ayi a kan dalilin da ya sa ma'aikacin ƙaramar hukuma ba ya aiki. Wani ya ce lalaci ne, wani ya ce yunwa ce. A nan kuwa an zuba kuɗi, an raba ƙananan hukumomi gida biyu, an jira shekaru, sannan aka bi gidajen jama'a aka tambaye su abin da suka gani.

Yadda ake saka wa ma'aikaci kafin shirin

Kundin tsarin mulki na 1999 ya sanya ƙananan hukumomi cikin masu ɗaukar nauyin kula da lafiya, kuma asibitin mazaɓa shi ne fuskar gwamnati da talaka ya fi gani bayan makarantar firamare. Mafi yawan masu aiki a ciki ba likitoci ba ne. Jami'an lafiyar al'umma ne da suka fito daga makarantun koyon aikin lafiya, sai ungozoma in an yi sa'a, sai masu rubuta kati da masu shara da maigadi. Wanda ke riƙe da asibitin shi ake kira incaj. Ko da aka ɓullo da manufar tattara harkar lafiyar matakin farko ƙarƙashin inuwa guda a 2011, har wasu jihohi suka mayar da ma'aikatan hannun hukumar jiha, a wurare da dama daga kason ƙananan hukumomi aka ci gaba da cire albashinsu.

Sakayyar wannan ma'aikaci iri biyu ce a takarda: albashi da ƙarin girma. Albashi yana bin matakin da mutum yake, ba ya bin yawan marasa lafiyar da ya duba. Ƙarin girma kuma shekaru yake bi. A ƙa'idar aikin gwamnati, ƙaramin ma'aikaci yakan jira shekara 2, na tsakiya shekara 3, manya shekara 4. Akwai fom ɗin tantance ƙwazo da ake cikewa duk shekara, amma duk wanda ya taɓa aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma ya san yadda ake yi da shi. Shugaba ba ya son a ce shi ya tare wa ɗan wani hanyar abinci, don haka kusan kowa maki mai kyau yake samu. Sannan ga ƙarin girman da ke tsayawa a takarda: an ba ka wasiƙa, an taya ka murna, albashi kuwa yana nan inda yake shekara da shekaru.

A irin wannan tsari, matar da ta kwana tana karɓar haihuwa da fitilar waya da wanda bai leƙo asibiti ba tun ranar Litinin abu ɗaya za su ɗauka a ƙarshen wata. Wannan kowa ya san shi. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, ko mai son aikin ba shi da abin yi da shi. A lokacin, asibitocin nan kusan ba sa samun kuɗin gudanarwa ko kwabo. Rufi ya yi yoyo, sai incaj ya rubuta takarda zuwa sakatariya ya jira. Safar hannu ta ƙare, sai a ce wa mijin mai naƙuda ya je kemis ya sayo. A lokacin, kuɗin ƙananan hukumomi suna bi ta asusun haɗin gwiwa da ke hannun jiha, kuma abin da ke saukowa, in an biya albashi, ba ya kai wa ga auduga da sirinji.

Yadda sabon tsarin ya yi aiki

Kowane asibitin da ya shiga shirin ya buɗe asusun banki na kansa, kuma ba a cire kuɗi sai da sa hannun incaj da na wakilin al'umma daga kwamitin mazaɓa. Asibiti zai rubuta abin da yake son yi da kuɗin a watanni masu zuwa. An ba shi damar sayen magani daga dillalan da aka tantance, ya yi gyaran gini, ya haƙa rijiya, har ya ɗauki ƙarin ma'aikaci na wucin gadi idan aiki ya yi yawa.

An jera ayyuka kusan 20 da ake biyan kuɗi a kansu, kowanne da farashinsa. Duba marar lafiya na yau da kullum kuɗinsa kaɗan ne, karɓar haihuwa kuwa yana cikin masu tsoka. Kafin a biya, masu tantancewa suna zuwa su buɗe rajista su ƙirga da kansu. Ana kuma ɗaukar wasu sunaye daga rajistar a bi su har gida, a tambayi mutum ko da gaske ya je asibiti, kuma yaya aka karɓe shi. Ban da yawan aiki, akwai ingancinsa: duk wata uku jami'an sashen lafiya na ƙaramar hukuma suna zuwa da doguwar takardar dubawa, su duba tsafta, ajiyar magani, firjin rigakafi, rubutun rajista, da kayan ɗakin haihuwa. Makin da asibiti ya samu yana ƙara masa kuɗi. Asibitocin da ke lungu mai wuyar shiga ana yi musu ɗan ƙari.

Daga abin da asibiti ya samu, har rabi ana iya rabawa ga ma'aikata, bisa wani ma'auni da ke duba matsayin mutum da zuwansa aiki da ƙwazonsa.

Da aka zo faɗaɗa shirin, sai aka yi abin da ya ba wannan lamari darajarsa. An raba ƙananan hukumomin kowace jiha gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Gida na farko ya samu cikakken tsarin da na bayyana, wato biya gwargwadon aiki. Gida na biyu ya samu asusun banki, da 'yancin kashe kuɗi, da ziyarar masu dubawa duk wata uku, amma kuɗinsa bai dogara da yawan aikin da ya yi ba, adadinsa rabin abin da gida na farko ke samu ne, kuma an hana a raba ko sisi ga ma'aikata. Wannan shi ne tsarin kuɗi kai tsaye. Sannan aka ɗauki jihohi uku da ba su cikin shirin don a gwada da su: Taraba, Binuwai da Ogun. An yi binciken farko a 2014, na ƙarshe a 2017.

Abin da aka gani

A Wamba, tun lokacin gwajin farko, masu bincike da suka zauna da ma'aikata sun ji abu biyu daga bakinsu. Na ɗaya, ladan ya yi tasiri, mutane suna zuwa aiki da wuri, kuma ganin asibiti ya yi kyau, magani yana nan, ya sa suna jin ana daraja aikinsu. Na biyu, aiki ya ƙaru sosai alhali yawan ma'aikata bai ƙaru yadda ya kamata ba, don haka gajiya ta soma cin su. Wani binciken da ya gwada asibitocin da suka yi fice da waɗanda suka gaza, duk a ƙarƙashin tsari ɗaya, ya nuna cewa bambancin ya fi ta'allaƙa da yadda incaj ke tafiyar da ma'aikatansa da yadda yake jan masu gari da shugabannin al'umma a jika.

Sakamakon babban binciken, wanda aka wallafa a 2021, ya zo da abin da masu shirin da yawa ba su zata ba. Idan aka gwada da jihohin da ba su cikin shirin, gidajen biyu duk sun ci gaba. A cikin ma'aunan ingancin aiki 26 da aka duba, 21 sun inganta a gidajen biyu. Rigakafin yara ya ƙaru a duka biyun. Amma da aka gwada gida na farko da na biyu, wato masu lada da marasa lada, sai aka ga kusan kunnen doki suke. A abu ɗaya kawai masu lada suka yi zarra ƙarara: haihuwa a asibiti, inda suka zarce gida na biyu da maki 10 cikin 100, suka zarce jihohin gwaji da maki 7. A zagaye na uku na allurar penta, wadda ke kare yara daga cututtuka biyar, da kwana cikin gidan sauro kuwa, marasa lada ne suka ɗan fi, da kimanin maki 6, ko da yake wannan ratar ba ta kai ta haihuwa ƙarfi a lissafi ba. Duk wannan alhali a kan kowace dala ɗaya da aka tura wa gida na biyu, dala biyu aka tura wa na farko.

Me ya sa haihuwa ta motsa, sauran ba su motsa ba?

A nan ne nake ganin ya kamata a tsaya a yi tunani, domin mutum zai iya karanta waɗannan alƙaluma ya ce ashe lada ba ya aiki. Ba haka suka ce ba.

Haihuwa aiki ne da ke buƙatar ma'aikaci ya ba da wani abu daga jikinsa. Naƙuda ba ta san ƙarfe huɗu na yamma ba. Kafin mace ta yarda ta bar ɗakinta da ungozomar unguwa da ta karɓi haihuwar uwarta, sai ta tabbata in ta je da tsakar dare za ta tarar da ƙofa a buɗe, da haske, da mace 'yar'uwarta da ba za ta daka mata tsawa ba. Wannan yana nufin wani ya kwana a asibiti, wani ya bi mata masu ciki har gida, wani ya je ya zauna da ungozomomin gargajiya a daidaita. Aiki ne mai nauyi wanda albashi bai taɓa bambanta mai yin sa da marar yin sa ba. Da aka ɗora masa farashi mai tsoka, sai ma'aikata suka ga dalilin ɗaukar wannan nauyi. Ladan ya yi aiki a daidai inda abin da ya rage shi ne ƙoƙarin mutum.

Rigakafi kuwa, a fahimtata, matsalarsa ba ta ƙoƙari ba ce da farko. Ta kayan aiki ce. Ana buƙatar firji mai sanyi, da man babur na zuwa ƙauyuka, da ɗan abin da za a ba masu shela. Da zarar kuɗin waɗannan sun iso hannun incaj, aikin zai tafi ko da lada ko babu. Haka tsafta, haka ajiyar magani, haka gyaran rufi. Ka ɗauki mai noman ƙwadago ka ce za ka biya shi a kan kowace kunya, amma ba ka ba shi fartanya ba: ranar da fartanya ta zo za ka ga aiki, kuma kuskure ne ka ce alkawarin kuɗin ne ya jawo. Gida na biyu fartanya kawai aka ba shi, kuma ya kusa kamo na farko.

Akwai kuma wani nau'in sakayya da gidajen biyu suka samu tare, wanda ba ya shiga aljihu. Ma'aikacin da ya shekara goma a ƙauye ba wanda ya taɓa buɗe rajistarsa, yanzu duk wata uku ga mutane sun zo da takarda, sun duba, sun ba da maki, sun ce nan ka gyara, nan ka yi kyau. Incaj da a da ba ya iya sayen tsintsiya sai da izinin sakatariya, yanzu shi da kwamitinsa ke yanke shawarar ko rijiya za a fara ko silin. Ina da yaƙinin cewa kaso mai yawa na ci gaban da aka gani daga nan ya fito. Mutum yana gyara aikinsa idan ya san akwai mai gani, kuma yana kula da abin da aka damƙa masa amanarsa.

Shi kuma tsarin farashi yana zuwa da nasa nauyin. Duk inda aka ce rajista ce ke kawo kuɗi, dole a tsare rajistar, shi ya sa ake biyan masu tantancewa da masu bin gida-gida, kuma wannan kuɗi ne da bai sayi magani ba. Sannan idan aiki ɗaya ya fi wani tsada, hankalin ma'aikaci zai karkata can. Asibiti mai mutum uku ba zai iya kwana a ɗakin haihuwa kuma ya wayi gari a kan babur yana zagayen rigakafi da ƙarfi ɗaya ba. Wannan na iya zama ɗaya daga cikin dalilan da suka sa masu lada suka ɗan yi baya a rigakafi.

Zamanin da aka yi gwajin

Ba a cikin kwanciyar hankali aka yi wannan aiki ba. A 2014 Boko Haram ta kama Madagali da Michika, a watan Oktoba kuma ta shiga Mubi, ma'aikatan lafiya na arewacin Adamawa suka gudu tare da sauran jama'a. A daidai wannan lokaci farashin ɗanyen mai ya faɗi, kason wata-wata ya ragu, jihohi da yawa suka kasa biyan albashi har gwamnatin tarayya ta ba su kuɗin ceto a 2015. A Nasarawa ma'aikatan ƙananan hukumomi sun daɗe suna karɓar wani kaso na albashinsu maimakon cikakke. Mafi ƙarancin albashi a lokacin naira 18,000 ne.

Wannan yana canja ma'anar ladan gaba ɗaya. An tsara shi ne ya zama ƙari a kan albashi, abin da mai ƙwazo zai samu ya fi ɗan'uwansa. Amma ga wanda ke bin gwamnati bashin watanni, kuɗin wata ukun nan shi ne cefane, shi ne kuɗin makarantar yara. Ba na jin za a iya raba tasirin ladan da wannan yanayi. Wani ɓangare na abin da ya yi shi ne riƙe mutane a bakin aiki a lokacin da da sun koma gona ko kasuwa. Kuma abin da ya fi ba ni mamaki da girmamawa shi ne ma'aikatan gida na biyu: suna cikin wannan ƙunci, kuɗi na shigowa asusun asibitinsu, an hana su taɓa shi, amma aikinsu ya inganta kusan daidai da na maƙwabtansu masu karɓar lada. Duk mai cewa ma'aikacin ƙaramar hukuma malalaci ne tun asali, ya kamata ya yi wa wannan bayani.

Akwai inda shirin bai kai ba. Binciken ya nuna cewa ƙaruwar masu zuwa asibiti ta fito ne daga masu matsakaicin hali a karkara. Matar da ba ta da kuɗin babur zuwa asibiti, ko wadda kogin Binuwai ya raba ƙauyensu da hanya a damina, ladan da aka ba ungozoma bai matso da ita kusa ba. Sakayyar ma'aikaci tana gyara abin da ke hannun ma'aikaci ne kawai.

Bayan shirin

A 2016 an ƙara kuɗi aka faɗaɗa shirin zuwa sauran jihohin arewa maso gabas da rikici ya ɗaiɗaita. A 2020 ya zo ƙarshe, kuma ladan da ya dogara da bashin Bankin Duniya ba abu ne da ƙaramar hukuma za ta iya ci gaba da shi da aljihunta ba. Abin da ya rage a ƙasa ya fi kama da tsarin gida na biyu. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko da aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, an fara sa masa kuɗi a kasafin 2018, kuma wani kaso nasa yana tafiya kai tsaye zuwa asusun asibitocin mazaɓu don gudanarwa. Shi kansa Bankin Duniya, a wani rahoto na 2022 da ya duba irin waɗannan shirye-shirye a ƙasashe da dama, ya karkata ga cewa tura kuɗi kai tsaye tare da 'yanci da sa ido yana kawo mafi yawan amfanin da kuɗi kaɗan.

Ƙaramar hukuma ba asibiti kaɗai ba ce. Akwai sashen ayyuka, da na gona, da masu karɓar haraji a kasuwa da tasha, da duba-gari. Ba duka ne aikinsu ke ƙirguwa kamar haihuwa ba, kuma inda yake ƙirguwa ma akwai haɗari: ka ce wa mai yankan rasit a kasuwa za ka ba shi kaso daga abin da ya tara, mai tallan gyaɗa ce za ta fara ji a jikinta. Amma tambayar da gwajin ya koya mana tana aiki a kowane sashe. Kafin a yi maganar lada, a duba me ya hana aikin. Malamin gona da ba shi da babur, ko duba-garin da ba wanda ya taɓa karanta rahotonsa, ba garaɓasa ce matsalarsa ta farko ba.

A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, ba ta hannun gwamnoni ba. A wannan watan na Yuli 2024 ne kuma aka sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Idan kuɗin suka iso hannun ciyaman da gaske, zai sha matsin lamba ya ɗauki sababbin ma'aikata, ya raba alawus, ya shirya bikin karrama gwarazan shekara. Da zan ba shi shawara bisa abin da aka gani a Adamawa da Nasarawa, zan ce ya fara da biyan albashi cikakke a ranar da kowa ya sani, ya biya ƙarin girman da ya maƙale a takarda, ya ware wa kowane asibiti da kowane sashe kuɗin gudanarwa da za su kashe da sa hannun wakilin al'umma, ya kuma ba masu dubawa man fetur su fita duk wata uku, a liƙa makin kowane asibiti a allon sakatariya, a riƙa duba shi lokacin ƙarin girma. In ya rage kuɗi bayan wannan, sai ya zaɓi aiki ɗaya ko biyu masu cin jiki, irin kwanan dare a ɗakin haihuwa da zama a ƙauyen da ba mai son a tura shi, ya ɗora musu lada daga kasafin ƙaramar hukumar kanta.